Mai dambu a Sassumbrum

Duk matafiyin da ya sauka Sassumbrum, a gundumar Magarya kusa da iyakar Nijeriya, in ya tambayi inda zai karya kumallo, wurin mai dambu za a nuna masa. Ba rumfa ce ta a zo a gani ba. Murhu ne, da tukunya, da madambaci, da benci guda. Amma sana'ar gado ce, uwa ta bar wa ɗiya.

Aikin yana farawa tun kafin asalatu. A ɓarza shinkafa ko masara, a wanke tsakin, a tsane. Sannan a zuba cikin madambaci, a ɗora bisa tukunyar ruwa mai tafasa, a liƙe mahaɗarsu da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya sulale. In ya turaru sai a juye, a cuɗa da zogale da albasa da dakakkiyar gyaɗa, a yayyafa ruwa, a mayar. Nan gwaninta take: ruwa ya yi yawa dambu ya caɓe, ya yi kaɗan mai ci ya shaƙe. A birnin Kanton na ƙasar Sin ma turara ƙullun shinkafa ake yi a naɗe shi kamar tabarma, sai dai su miyar waken suya suke zubawa, mu man gyaɗa da yaji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda sana'ar ta jure. Ƙasar Magarya ƙasar gyaɗa ce, har ana kai wa kamfanin SONARA, kafin fari da cuta su karya noman wajen 1975, mai ya yi tsada. A 1984 yunwa ta haɗu da rufe iyakar Nijeriya, shekarar da talakawa suka laƙaba wa suna El-Buhari. A 1994 aka karya darajar sefa. A 2019 Nijeriya ta sake rufe iyaka, kuma shinkafa ce sanadi. A 2023 aka ƙara rufewa.

Kowane karo mai dambu takan sake lissafi. In shinkafa ta gagara ta koma masara, in naira ta faɗi kafin la'asar ita ke asara, don ciniki a nan kuɗi biyu ne. Farashi ba ta cika taɓawa ba, kunyar abokan ciniki take ji. Ludayin awo take ragewa, su kuwa sun sani, ba sa cewa kome.