Omega Sentauri: Dunƙulen Taurari a Samaniyar Kudancin Abuja

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin Kaza da 'ya'yanta, har manoma na lura da fitowarta da ɓuyanta. Sai dai akwai wani rukunin taurari da ya sha bamban da ita, wanda masana ilmin falaki suke kira dunƙulen taurari. Wannan maƙala za ta dubi mafi girmansu a cikin garken taurarin da rana take ciki, wato Omega Sentauri.

2.0 Kamanni da Nisa

Ga ido, tauraro guda ne mai dishi-dishi, kuma haka Batlamus na Iskandariyya ya lissafa shi a ƙarni na biyu. A 1677 Edmond Halley ya hango shi daga tsibirin Sent Helina ya ga ba tauraro ba ne. A 1826 James Dunlop ya bayyana shi a matsayin curin taurari. Yau an ƙiyasta yana ɗauke da taurari kusan miliyan 10, waɗanda ƙarfin jan juna ya cure su tamkar ƙwallon fura.

Nisansa ya kai kimanin shekarar haske 17,000, wato hasken da ake gani yanzu ya baro can tun kafin ɗan'adam ya fara noma. Kaza kuwa nisanta bai wuce 450 ba, shekarunta kuma kimanin miliyan 100, alhali tsofaffin taurarin Omega Sentauri sun kai shekara biliyan 12. Jaririya ce a gabansa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne taurarinsa ba sa'o'in juna ba ne, sinadaransu ma sun bambanta. Saboda haka masana da dama suna ganin cibiyar wani ƙaramin garke ne da namu ya haɗiye. A 2024 hotunan madubin Hubble sun nuna alamun baƙin rami a tsakiyarsa, mai nauyin rana 8,200 aƙalla.

3.0 Ganinsa daga Abuja

Da yake Abuja tana daraja 9 arewa da ikwaita, dunƙulen yakan ɗaga kimanin daraja 33 a kudu, abin da mazaunin Ingila ba zai taɓa samu ba. Lokacinsa daren Afrilu da Mayu ne, daidai lokacin da hadari yake fara rufe sama. Fitilun Maitama da Wuse ma sukan dusashe shi, don haka mai nema sai ya fita wajen gari, a daren da babu farin wata.