Tsarabar Da Ba A So: Tari Da Murar Mutanenmu Na Ƙasashen Waje

 Yau zancenmu a kan mutanenmu ne da ke zaune a ƙasashen waje, da irin tari da murar da ke damunsu a can, da abin da ya rataya a wuyanmu mu da aka bari a gida.

A nan Kanya Babba, haka kuma a sauran garuruwan Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, gidaje da yawa suna da nasu a waje. Wata mijinta yana Makka ko Jidda yana ɗinki, wata yayarta ce ke aikatau a gidan Larabawa, wata ƙanenta yana aikin gini a Libiya ko Aljeriya. Ga 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya Dubai da ƙasar Sin, ga ɗalibai a Masar da Ingila, ga kuma alhazai da masu Umra da ke tafiya suna dawowa kowace shekara. Mukan tambaye su kuɗin cefane da na makarantar yara, amma ba mu cika tambayar su nawa ne ke kwana a ɗaki ɗaya ba, alhali kuwa a nan lafiyar ƙirjinsu take.

Ba yau ciwon ƙirji ya fara bin matafiya ba. Kakanninmu suna ba da labarin shekarar marisuwa, watau 1918, lokacin da wata muguwar mura ta game duniya. Ta jirgin ruwa ta shigo Ikko, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, ta watsu cikin ƙauyuka. Masana tarihi sun kimanta cewa ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. A lokacin nan sai an yi makonni a cikin teku. Yanzu kuwa mutum zai karya kumallo a Jidda, ya sauka Kano ko Dutse kafin azahar, ya ci tuwon dare a Kanya Babba, duk abin da ya kwaso yana nan a maƙogwaronsa bai ko huce ba.

Waɗannan cututtuka wasu ƙwayoyi ne ke kawo su, waɗanda likitoci ke kira bairas. Ido ba ya ganinsu. Suna fita daga mai ciwo in ya yi tari ko atishawa, kai ko magana ma, su tsaya cikin iskar ɗaki, na kusa da shi ya shaƙa. Iri-iri ne, kuma ya kamata ki san sunayen manyan cikinsu, don kada a ruɗa ki da jita-jitar waya.

Akwai wadda ake kira MERS, wadda aka fara ganowa a jikin wani majinyaci a Jidda cikin 2012. Daga raƙuma take tsallakowa zuwa mutane, sa'an nan ta fi yaɗuwa a asibitoci tsakanin majinyata da masu jinya. Ba ta kama mutane da yawa ba, waɗanda aka tabbatar ba su kai 3,000 ba a duniya duka, mafi yawansu a Saudiyya, amma tana da zafin hannu, domin wajen mutum ɗaya cikin uku da aka tabbatar ta kama ya rasu. A 2015 mutum ɗaya tak ya koma Koriya ta Kudu da ita daga ƙasashen Larabawa, ta kama mutum 186, ta kashe 38. Mu da muke kusa da kan iyakar Nijar mun saba da raƙuma, ba ma ganinsu abin tsoro. To, ki gaya wa naki da ke can ya bar shan ɗanyen nonon raƙumi na bakin hanya sai an tafasa shi, namansa kuma a dafa shi ya nuna sosai, musamman in yana da ciwon suga ko na ƙoda.

Korona kuwa ba sai na ba ku labarinta ba. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Ikko, cikin Afrilu ta iso Kano, a watan nan ne kuma aka rufe garin Kazaure. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne yadda ta yi wa mutanenmu na waje. An hana fita dare da rana a Makka da Madina. Tun kafin haka ma an killace wasu unguwannin Makka da baƙi suka yi yawa, irin su Misfala da Hosh Bakar. Wanda abincinsa sai ya fita ya nemo kullum, ina zai sa kansa? A birnin Guwanzu na ƙasar Sin, cikin Afrilun 2020, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da masaukai, wasu suka kwana a titi, har shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin rai. Shekara biyu, 2020 da 2021, ba alhajin da ya tashi daga Nijeriya. A 2019 mutum wajen miliyan biyu da rabi suka yi aikin Hajji, a 2021 kuwa mutum 60,000 kawai aka yarje wa, su ma mazauna ƙasar. Bankin Duniya ya ce kuɗin da 'yan Nijeriya na waje suke aikowa gida ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a 2020. Matan da tukunyarsu ta dogara da saƙon waje sun san wannan ba sai an karanta musu lissafi ba.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan Korona. Wasu suka ɗauka cutar ta ƙare ke nan. Ba ta ƙare ba, ta dai shiga sahun sauran ne, tana tashi tana kwantawa, kuma har yanzu tana kayar da tsofaffi. Bayan an buɗe gari, tsofaffin cututtukan da kulle ya danne suka dawo da ƙarfinsu. A lokacin sanyin ƙarshen 2022 asibitocin yara a Amurka da Kanada suka cika, saboda Korona da mura mai zazzaɓi, wadda ake kira infuluwenza, da wata mai suna RSV sun haɗu a lokaci guda. Ita RSV ɗin nan babba yakan ji ta kamar 'yar mura ce, ya ci gaba da harkarsa, amma jariri sai ta toshe masa ƙananan hanyoyin iska na huhu. An kimanta tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar wajen 100,000 kowace shekara, kusan dukkansu a ƙasashe matalauta irin namu. A farkon 2025 kuma aka cika waya da labarin wai sabuwar annoba ta ɓulla a Sin mai suna HMPV. Ba sabuwa ba ce, tun 2001 aka gano ta a ƙasar Holan, kuma yawancin yara sukan yi ta su warke kafin su shiga firamare. Na ga mata sun tayar da hankalinsu a kan wannan, amma jaririn da ke numfashi sama-sama a ɗakinsu ba su kai shi asibiti ba.

To, me ya sa ciwon ya fi samun na waje? Ki duba zamansu. Haya tana da tsada, sai maza shida ko takwas su haɗu a ɗaki guda, ƙofa a rufe, taga a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana ta juya iska ɗaya dare da rana. In ɗaya ya yi tari, kafin Juma'a ta zagayo duk sun ɗauka. Ranar da mutum bai fita aiki ba babu kuɗi, saboda haka da zazzaɓinsa zai fita. Mai aikatau ita ce ke jinyar yaran gida da tsohuwar gida, ita kuwa in ta kwanta ba mai miƙo mata ko ruwa. Wanda ba shi da igama, watau takardar izinin zama, yana tsoron ƙofar asibiti fiye da tsoron ciwon, don kada a kama shi a dawo da shi. A ƙarshen Maris 2020 Sarki Salman ya ba da umurnin a yi wa kowa maganin Korona kyauta, har da marasa takarda, amma wanda ya shekara goma yana ɓuya ba sanarwa ɗaya ce za ta fito da shi ba. A Turai kuwa sanyi ne ke tara mutane cikin ɗakuna da jiragen ƙasa tun daga Nuwamba har Maris, ɗalibin da ya taso a zafin Babura ya sha mura iri-iri a shekararsa ta farko.

Sa'an nan ga halin mazanmu na ɓoye ciwo. Ki kira shi, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi, don kada ki damu. Ni shawarata, ki bar karɓar lafiya lau ɗin nan haka kawai. Ki saurari muryarsa. In yana yanke magana don ya ja numfashi, ki tambaye shi kai tsaye: "Maigida, kwana nawa ke nan kana wannan tari? Da zazzaɓi? Kana iya hawa bene ba ka tsaya ba?" In zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko ƙirji yana ciwo, ko numfashi yana gagara, ki ce ya tafi wajen likita, kuɗin wannan wata a bar shi. Kuma ya kamata a ce kina da lambar wani abokin zamansa ko shugaban 'yan garinsu na can. Wannan ba shisshigi ba ne. Ke da kike kira kullum a kan kuɗin anko, ki yi hankali kada matsinki ya fitar da marar lafiya aiki.

Inda muka fi sakaci shi ne ranar dawowa. Kowa ya san tarin alhazai, har wasa ake yi da shi, a ce wanda ya dawo ba tari anya ya je kuwa? Dalilinsa a fili yake: mutane daga ƙasashe fiye da ɗari sun gwamutsu a Mina da wajen ɗawafi, kowa da irin murar garinsu. Alhaji ko Hajiya na sauka sai gida ya cika maƙil. A shige ƙuryar ɗaki, a yi ta musafaha da runguma, a zuba zamzam a ɗan kofi guda ya zaga bakin mutum talatin. Sai a ɗauko jaririn da ko arba'in bai yi ba a ɗora masa a cinya, a ce ya tofa masa albarkar Makka. Niyya mai kyau ce, kuma ba wanda ya ce a guji baƙo. Amma ana iya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko ƙarƙashin darbejiya inda iska ke kaɗawa, a yi gaisuwar a can. Kowa ya zo da kofinsa. Addu'a tana isa ga jariri daga inda aka zauna, ɗauka da tofi su jira tari ya lafa. Mai tarin ya sa takunkumi in zai shiga gaida tsoho ko mai ciki ko mai asma, ya kuma samu wurin kwanansa dabam na 'yan kwanaki in da hali.

Na san faɗin wannan ga suruka ba sauƙi. Ba ke za ki tare ta a bakin ƙofa ba. Ki bi ta wajen maigida tun kafin jirgi ya sauka, ko ki ce, "Inna, ki huta tukuna, in gajiya ta sake ki zan kawo miki shi ya wuni a wajenki." Da wuya uwa ta ƙi wannan.

In wanda ya dawo ya yi zazzaɓi da tari cikin kwana 14 da saukarsa, a kai shi asibiti, kuma a gaya wa likita ƙasar da ya fito da ranar da ya sauka, tun kafin a tambaya. Kada a tsaya saye-sayen kafso a kemis. Magungunan nan da ake kira antibayotik ba sa kashe bairas, likita ne zai duba ya ga ko ciwon ya zama namoniya mai bukatarsu. Mura mai sauƙi hutu take so da ruwa da yawa da farasitamol. Zuma tana lafar da tari, amma ba a ba yaron da bai shekara ba, asfirin kuma ba na yara ba ne. In an shiga hunturu, kada tausayin mai mura ya sa ki kai masa kaskon gawayi ɗaki ki rufe ƙofa, hayaƙin nan da ba a gani yana kashe mutum cikin barci.

Ku 'yan makaranta, ga aikinku, tun da ku ne masu karatun agogo. In ƙaninki yana tari, ki jira ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kuma kin ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, ki gaya wa Inna ba a jira gari ya waye, a nemi abin hawa zuwa asibitin gari ko babban asibitin Babura. Ku ne kuma za ku tuna wa mai shirin tafiya cewa bayan allurar sanƙarau da ta shawara da ake neman shaidarsu, hukumomin lafiya na Saudiyya suna ba da shawarar a yi ta infuluwenza kafin a tashi, ya tambayi ma'aikatan lafiya na hukumar alhazai inda zai same ta. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da maganinsa wanda zai ishe shi.

Akwai tarin da ba ya cikin duk waɗanda na lissafa, kuma zaman cunkoso na ƙasar waje yana haifar da shi ƙwarai. In mutum ya dawo ya yi mako biyu ko fiye yana tari, yana rama, yana jiƙe shimfiɗa da gumi da dare, kada a ce canjin ruwa ne ko sammu. A kai majinarsa a auna, don yana iya zama tarin fuka. Awo da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe don haka, wata shida ake sha ba fashi, kuma a kai yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da shi su ma a duba su.