Gilashin Laftof Ya Fashe: Ta Ina Za A Ga BIOS?

A Yawuri ko Wara ko Shanga, fashewar gilashin laftof babbar ɗawainiya ce. Kwamfuta tana cikin jaka a bayan babur, ko an danne ta da buhun busasshen kifi a kwale-kwale, sai a buɗe a tarar wani baƙi kamar tawada ya malale rabin allon. Sabon gilashi kuwa galibi sai an aiko da shi daga Kano ko Legas. Kafin ya iso, mutane sun iya dabara: a jona ta da talabijin ta wayar HDMI, a danna maɓallin Windows tare da P, hoto ya koma can, ɗalibi ya ci gaba da rubutunsa, mai shagon buga takardu a Yelwa ya ci gaba da neman abincinsa.

Ranar da Windows ta ƙi tashi, nan ne ake shan wahala. Ana son a sa sabuwa daga filash, ko a gyara kwanan wata da ya rikice saboda ƙaramin batirin CR2032 na ciki ya mutu, ko a kunna saitunan tsaro na TPM da Secure Boot domin Windows 11, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025. Duk waɗannan a BIOS ake yin su. Sai a yi ta danna maɓalli, talabijin na cewa babu sigina.

Dalilin shi ne BIOS, wanda a kwamfutocin zamani ake kira UEFI, yana cikin wani ɗan guntu a kan babban allon da ke cikin injin, kuma shi ke fara farkawa tun kafin Windows ta motsa. Dabarar Windows da P ta Windows ce, BIOS bai san da ita ba. Shi abin da ya sani, idan ya ga gilashin laftof a jone, can zai tura hoto, ko da gilashin ya zama gari. Saboda haka duk aikin shi ne a sa injin ya ɗauka cewa gilashinsa ba ya nan.

Hanya mafi sauƙi ita ce murfi. A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a jona talabijin, a tabbatar an sa ta a tashar HDMI ɗin da wayar take (wannan kaɗai ya sa mutane da yawa zargin injin da bai yi laifi ba). A jona madannan waje na USB. A kunna laftof, a rufe murfin nan take, a riƙa danna maɓallin shiga a madannan wajen. A HP, wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu, Esc ne sannan F10. A Dell da Acer da Asus F2 ne, a ThinkPad F1. Akwai ɗan maganaɗisu a jikin laftof da ke sanar da injin an rufe murfi, kuma da yawansu idan suka ji haka sai su juya hoton waje.

In murfi bai yi ba, a bar shi a buɗe, a danna maɓallin BIOS ko da ba a ganin komai, a dakata kaɗan, sai a gwada Fn da maɓallin da ke da zanen allo: F4 a yawancin HP, F8 a Dell, F7 a ThinkPad. Tsofaffin tokumbo masu ramin VGA, mai shuɗin kai da fil 15, sun fi saurin amsawa ta nan fiye da HDMI. Akwai kuma manyan laftof masu katin hoto biyu waɗanda ramin HDMI ɗinsu ke bi ta katin NVIDIA. Irin waɗannan sukan yi taurin kai komai aka danna.

Hanya ta ƙarshe, wadda ta fi cin nasara, ita ce a cire siririyar wayar da ta haɗa gilashin da allon injin. Ni dai ba na ba wanda bai saba buɗe kwamfuta ba shawarar ya yi da kansa. A kai wa mai gyara, a kuma tsaya a ga ya cire caja da batir tukuna. Taɓa wayar nan da wuta a jiki na iya ƙona fiyus ɗin hasken gilashi, ka sayo sabon gilashi da kuɗinka ya ƙi kawo haske. Mai gyaran da ya ce maka injin ya mutu tun bai gwada wannan ba, ɗauki kayanka ka nemi wani.

Sai maganar BitLocker, makullin da Windows ke kulle fayiloli da shi, wadda ake yawan mantawa da ita. Idan yana kunne, canza Secure Boot ko TPM na iya sa kwamfutar ta nemi lambar sirri mai alƙaluma 48 kafin ta buɗe. Lambar takan kasance a asusun Microsoft na wanda ya fara saita injin, wanda a tokumbo mai yiwuwa wani ne a Amurka ko Ingila. Don haka tun Windows na tashi a talabijin, a nemo lambar a rubuta ta a takarda, a kwashe muhimman fayiloli a filash, sannan a taɓa BIOS.