John Pople

Sir John Anthony Pople (31 ga Oktoba, 1925 – 15 ga Maris, 2004) masanin lissafi ne da kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Birtaniya. Ya samu kyautar Nobel a fannin sinadarai a shekarar 1998 tare da Walter Kohn, saboda hanyoyin da ya samar na nazarin sinadarai da kwamfuta.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Burnham-on-Sea da ke yankin Somerset a Ingila. Ya yi sakandare a Bristol, sannan ya samu gurbin karatun lissafi a kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge a 1943. Ya kammala digirin digirgir a 1951 a hannun John Lennard-Jones, inda bincikensa ya shafi tsarin ƙwayoyin ruwa. Duk da sunan da ya yi a fannin sinadarai, ya fi ɗaukar kansa a matsayin masanin lissafi.

Aiki

Tun a shekarar 1926 Erwin Schrödinger ya fitar da lissafin da ke bayyana yanayin elektron a cikin atam. Matsalar ita ce da zarar elektron sun yi yawa, babu mai iya warware lissafin daidai da alƙalami da takarda. A nan Pople ya ba da ƙarfinsa: neman hanyoyin kiyasi da za su ba da amsa mai kusa da gaskiya, kuma a iya gwada ingancinsu da sakamakon ɗakin gwaje-gwaje.

A 1953 ya fito da hanyar da ake kira PPP, wadda Rudolph Pariser da Robert Parr su ma suka gano a nasu ɓangaren. Ya koma Amurka a 1964, ya zauna a Pittsburgh yana koyarwa a cibiyar da ta zama Jami'ar Carnegie Mellon. A can ne shi da ɗalibansa suka rubuta manhajar Gaussian, wadda ta fara fitowa a 1970. Mai bincike zai shigar da sunayen atam da wuraren da suke, kwamfuta kuma ta lissafo masa siffar ƙwayar sinadarin, tsawon haɗin da ke tsakanin atam ɗin, da makamashin da ke ciki. Wannan ne babban abin da ya bari, domin aikin da a da sai ƙwararren masanin lissafi ke iya taɓawa ya dawo hannun kowane mai nazarin sinadarai. Har yau ana amfani da jerin ma'aunansa irin su 6-31G, ciki har da masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, waɗanda ke tantance sinadaran da ake fatan su zama magani tun kafin a haɗa su.

Ya rabu da harkar Gaussian a 1991, daga baya ya shiga kamfanin Q-Chem. A 1993 ya koma Jami'ar Northwestern.

Karramawa da rasuwa

An zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a 1961, ya karɓi kyautar Wolf a 1992, sannan Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma a 2003. Ya rasu a Chicago sakamakon ciwon daji na hanta yana da shekara 78.