Masu Ƙidayar Makamai

A gabashin birnin Riyad, hedkwatar ƙasar Saudiyya, akwai wata babbar unguwa ana ce da ita Al-Nasim. A watan Janairu na 1991 mutanenta, da sauran jama'ar birnin, sun sha kwana ido biyu, domin Iraƙi tana harbo musu makamai masu linzami da ake kira Sukud. Abin da ya fi ba su tsoro shi ne kada a cusa iskar guba a cikinsu. Allah ya kiyaye, ba a cusa ba.

Da yaƙi ya ƙare, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawara mai lamba 687, ran 3 ga Afrilu 1991, cewa Iraƙi ta rabu da makaman guba, da na ƙwayoyin cuta, da duk makami mai linzami wanda ke wuce kilomita 150. Aka naɗa masu bincike, Rolf Ekeus mutumin Suwidin ya shugabance su.

To, aikin mai bincike ya fi kama da na akawu bisa ga na soja. Iraƙi ta sayi Sukud 819 daga Tarayyar Sobiyet, sai ta faɗi inda kowane ɗaya ya shiga. Waɗansu an harba su a yaƙi, waɗansu an lalata su a gaban masu bincike. Amma akwai da dama waɗanda Iraƙi ta farfasa a ɓoye a 1991 ta binne, ta zo ta ce babu su. Wa zai yarda da wannan? Sai da aka tona ramuka, aka fid da tarkacen, aka duba lambobin injunan ɗaya bayan ɗaya. A 1997 lissafi ya kai 817. Shekara shida ke nan, kuma wannan ɓoye-ɓoyen ya sa ko gaskiya Iraƙi ta faɗa daga baya, ba a saurarenta.

Maganar ta taɓa ƙasar Hausa ma. Da rikici ya sake tashi a 2002, Amurka da Ingila suka ce Iraƙi ta nemi yuraniyom a Afirka, aka kuwa samu waɗansu takardu masu nuna wai Nijar ta yarda ta sayar mata tan 500. Ma'aikatan hukumar nukiliya ta duniya suka karanta, suka ga wata wasiƙa ta shekarar 2000 da sa hannun ministan waje wanda ya bar aiki tun 1989. Ran 7 ga Maris 2003 shugabansu, Muhammad el-Baradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu takardun na jabu ne. Hans Blix ya ce sauran aikin na watanni ne, ba shekaru ba. Faransa da Rasha suka goyi bayan a ci gaba da bincike, Amurka ta ƙi. Aka janye masu binciken ran 18 ga wata, ran 20 yaƙi ya ɓarke. Bayan Bagadaza ta faɗi, Amurkawa suka yi nasu binciken fiye da shekara guda, ba su sami rumbun makaman da aka yi yaƙi dominsa ba.