BA KOWANE ƘWARO NE MAƘIYIN MAI LAMBU BA

Ya ku manoman Funtua da Malumfashi, da na Danja, da Bakori, da Kafur, ku da dagatanku da masu unguwanninku, ga wata magana a kan lambu wadda ya kamata ku saurara.

Kun tuna abin da ya auku cikin shekarar 2016, sa'ad da wata 'yar tsutsa wadda kuke kira sharon ta faɗa wa tumatir a ƙasashen Katsina da Kano da Zariya. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta shiga Sifen cikin 2006, daga can ta yi ta yaɗuwa har ta iso mu. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, guda ɗaya takan saka ƙwai wajen 250. Tsutsar kuwa cikin naman ganye take ɓuya, inda magani ba ya iske ta sosai. Mutane suka yi ta feshi, kuɗi suka ƙare, tumatir kuma bai tsira ba.

To, ga abin lura. Yawan feshi yakan kashe ƙwarin da ke taimakonku, ya bar masu ɓarna, har su saba da maganin, ya daina kama su.

Su wane ne masu taimakon nan? Ku dubi zanzaro da rina: tsutsa suke kamawa, su kai wa 'ya'yansu. Ku dubi ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo, kullum farauta suke yi cikin ganye. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai kama da ɓarin wake, ja ko rawaya, da ɗigo ko zane baƙi a bayansa. Abincinsa darɓa ce, watau ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye har ya nannaɗe, ya yi danƙo. Kadan kun gan shi, kada ku kashe shi. Ɗan ƙodago ne wanda ba ya neman lada.

Amma baƙo ba ya zama inda babu abinci. Da yawa cikin ƙwarin nan suna bukatar ruwan fure. Sabo da haka, kada ku yi lambu tumatir zalla. Kakanninku ma gero da dawa da wake suke haɗawa a gona ɗaya, hikimar ke nan.

Na fari, ku kewaye lambu da kunya 2 ko 3 na masara ko dawa, ku riga shuka su kafin dashe, domin su tashi su zama shinge. Suna rage farin ƙuda da darɓa da iska ke kawowa, farin ƙuda kuwa shi ke ɗauko ciwon da ke nannaɗe ganyen tumatir.

Na biyu, ku raba fangalin tumatir da na albasa ko tafarnuwa, ku dasa ɗoɗɗoya a bakin kwari, ku bar wadansu su yi fure. Ƙwaro mai neman tumatir ba zai same shi a jere babu iyaka ba.

Na uku, ku masu noman auduga, ku sani tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ita ce ke huda tumatir da kuɓewa da wake. Ku tumɓuke karan auduga bayan ɗiba, ku ƙone.

Amma haɗa shuka shi kaɗai ba ya kawar da sharon. Sai ku riƙa zagaya lambu da sassafe, ku tsinke ganyen da ta shiga, ku binne. In kun gama ɗiba, ku kwashe ragowar itacen, ku ƙone. Kada ku bi tumatir da tumatir, ko gauta, ko dankalin Turawa, gama dangi ɗaya ne. In feshi ya zama tilas, ku fara da ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya, ku fesa da maraice bayan ƙudan zuma sun koma amya.

Ku kuma dagatai, aikin nan ba na mutum guda ba ne. Kadan ɗaya ya share lambunsa, maƙwabcinsa ya bar nasa, tsutsa za ta komo. Ku tara masu fadama, ku sa ranar sharewa tare. Wanda ya ga ƙwaron da bai sani ba, ya kai wa malamin gona kafin ya sayi magani. Rigakafi ya fi magani.