Gidan Abinci Mai Rassa Da Rumfar Mai Tuwo

Mafi yawan mutane a gida su ke cin abinci. Amma tafiya ta kan raba mutum da tukunyar gidansu. Manomin da ya kai hatsi kasuwa, da direban mota, da ɗalibin da ya tafi makaranta a wani gari, da wanda ya kai ɗan'uwansa asibiti, duk dole ne su sayi abinci idan yunwa ta kama su. To, ina ya kamata su saya?

Sayar da abinci ga baƙi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A zamanin da, sa'ad da fatake su ke kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, a zango su kan sauka, matan gari su kawo musu tuwo da fura su saya. Har yau sana'ar ba ta mutu ba. Wanda ya tashi daga Dakko ko Bakura ko Maradun ya tafi Talata Mafara ran Talata, ranar da kasuwa ke ci, zai tarar da masu abinci ko'ina. Ga mai tuwon shinkafa da miyar taushe, ga mai masa, ga mai ƙosai, ga mai tsire yana juya nama a bakin wuta, ga Fulani da ƙoren fura da nono. Ko wane ɗayansu shi ne mai dukiya, shi ne kuma ma'aikaci. Rumfa ɗaya gare shi, ba shi da wata a wani gari.

Akwai kuma wani irin wurin cin abinci dabam, wanda a ke samu a manyan birane kamar Kano da Kaduna da Abuja. Shi ne gidan abinci mai rassa. Kamfani ɗaya ne ya ke buɗe gidaje da yawa a garuruwa da yawa, duka da suna ɗaya, da fenti iri ɗaya, da abinci iri ɗaya. Kamar itace ne: gindi guda, rassa barkatai.

A Amurka wannan dabara ta bunƙasa. A shekarar 1940 waɗansu 'yan'uwa biyu masu suna McDonald suka buɗe gidan abinci a jihar Kalifoniya. Daga baya suka rage yawan abin da su ke dafawa, suka raba aikin kashi kashi, wannan na suya, wancan na naɗewa, don kada mai saye ya daɗe yana jira. Wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc ya ga dabarar, ya buɗe reshe da sunansu a shekarar 1955, ya yi ta ƙara rassa har suka bazu cikin duniya. A Nijeriya kuwa, kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986. Chicken Republic ya fara a Legas a 2004, sa'an nan KFC na Amurka ya shigo a 2009.

Ga yadda su ke aiki. Waɗansu rassan na kamfanin ne kansa. Waɗansu kuwa wani mai kuɗi ne ya ke biyan kamfanin don ya ara masa suna, sa'an nan ya riƙa ba shi wani kashi na cinikin. Amma dole ya bi dokar kamfanin. An auna gishiri, an auna mai, an ƙayyade minti nawa kaza za ta yi a wuta. Sabo da haka kazar da ka ci a reshen Kano ba ta bambanta da ta reshen Abuja ba.

Wannan shi ne babban amfanin gida mai rassa. Baƙon da ya sauka a garin da bai san kowa ba ya san abin da zai samu tun bai shiga ba. An rubuta kuɗin ko wane abinci a allo, babu ciniki, babu wanda zai ƙara masa kuɗi don ya ga shi baƙo ne. Akwai kujeru, da wurin wanke hannu, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Samari da 'yan mata da yawa kuma suna samun aikin albashi a can.

Amma duk wannan jin daɗi mai saye ne ya ke biyansa. Cikin kuɗin farantin da aka miƙo maka akwai kuɗin hayar gini, da na man janareta, da albashin ma'aikata, da kuɗin talla, da rabon kamfani. Don haka kuɗin da zai ƙosar da mutum biyu ko uku a rumfa ya kan ƙare a faranti guda. Ban da wannan, yawancin abincin soyayye ne, ga mai, ga gishiri, ga lemon kwalba mai yawan sukari. Ci ɗaya ba ya cutarwa, amma likitoci sun yi gargaɗi cewa wanda ya mai da irin wannan abincinsa na kullum yana jawo wa kansa ƙiba da hawan jini da ciwon sukari.

Yanzu mu koma rumfar mai tuwo, mu bi sawun kuɗin da ka ba ta. A shekarar 1978 aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Maradun. Da ruwanta manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun su ke noman rani, suna samun shinkafa da masara da tumatir da albasa. Mai tuwo ta kan auni shinkafarta a wurin irin waɗannan manoma. Ta sayi nama wurin mahauci, ta sayi daddawa da kuka wurin maƙwabciyarta, ta biya mai injin niƙa, ta biya ɗan garuwa. Abin da ya rage shi ne ribarta, da shi za ta ɗinka wa 'ya'yanta tufafi, ta saya musu littafi. Ka ga kuɗin nan ya zaga hannu biyar ko shida bai bar ƙasarku ba. Mai yiwuwa ma ya komo aljihun mahaifinka, in shi ya sayar da shinkafar.

Har wa yau, mai rumfa ta san masu sayenta. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san tsohon da haƙoransa ba su iya nama mai tauri. Ta kan yi gyara, wani lokaci ta ba da bashi sai kasuwa ta zagayo. Ba a yin haka a gida mai rassa, domin ma'aikacin da ke bayan kanta ba shi da ikon ƙara ko ƙwayar shinkafa.

Duk da haka rumfa tana da nata haɗari, kuma ba ƙarami ba ne. Babu wani kamfani da ke sa mata ido. Wata mai abincin tsaf ta ke, wata kuwa ƙazama ce. Kwalara da zazzaɓin taifod ta ruwa da abinci marasa tsabta su ke shiga cikin mutum, sun fi kuwa yawa da damina. Kwano guda na araha ya iya kwantar da mutum mako biyu, kuɗin magani ya ninka na abincin sau da yawa. Shi ya sa Hausawa su ke cewa rigakafi ya fi magani.

To, tun da babu mai dubawa, kai ne mai dubawa. Kafin ka zauna, tsaya ka lura da abu huɗu. Na farko, abincin da zafinsa ne, ko tun safe aka dafa ya huce? Na biyu, an rufe shi da faifai ko murfi, ko ƙudaje na sauka a kai? Na uku, da wane irin ruwa a ke wanke kwanoni, ana sauya shi, akwai sabulu? Na huɗu, wajen wanke hannu da buta a ke zuba wa mutum, ko kowa cikin kwano ɗaya ya ke tsoma hannu? In ka gamsu, zauna ka ci. In ba ka gamsu ba, yi sallama ka wuce, babu kunya a ciki. In kai baƙo ne, tambayi mutumin gari, ko ka duba inda direbobi su ke taruwa, gama da ɗan gari a kan ci gari. Wannan lura kuwa ba ta rumfa kaɗai ba ce. Babban suna da kyakkyawan fenti ba su hana abinci lalacewa in wuta ta ɗauke, firiji ya daina sanyi.

Ashe dai ko wanne da ranarsa. In dare ya yi maka a birnin da ba ka sani ba, ba ka kuwa ga rumfar da ranka ya kwanta da ita ba, gida mai rassa ya fi maka, ko da ya fi tsada. Amma in kana ƙasarku, ka kuma sami mai abinci mai tsabta, rumfarta ta fi: cikinka ya cika, aljihunka bai ƙone ba, maƙwabcinka ya amfana. Yaro mai hankali ba ya raina tuwon garinsu don ya ga gidan gilashi, ba ya kuma sayar da lafiyarsa don neman araha.

Tambayoyi

1. Mene ne gidan abinci mai rassa?
2. A wace shekara aka buɗe Mr Bigg's, a wane gari kuma?
3. Me ya sa abincin gida mai rassa ya fi tsada?
4. Faɗi mutum huɗu da ke amfana da kuɗin da ka ba mai tuwo.
5. Waɗanne abubuwa huɗu za ka duba kafin ka ci abinci a rumfa?